Muryar Inna da Masu Gadin Kwamfuta

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da amaryarmu da ɗan jaririn da har yau a hoto kawai muka san shi. Allah ya raya mana shi, ya sa ya ɗauko haƙurin uwarsa, ya tsallake taurin kan ubansa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Baban yara gwiwar ta yi sauƙi, kuma tunda ya yi ritaya babu tukunyar da za a buɗe a gidan nan bai leƙa ba. 'Yarka Likita tana nan tana fama da karatun jinya, ba ta ko karɓi takardar shaida ba amma ta riga ta hana mu gishiri da sukari. Kasuwa kuwa ka san halinta, takalma suna tafiya, jakunkuna sun yi kwantai, masu taya kaya sun fi masu saye yawa. Ba ma kuka, Allah yana rufa asiri.

Na san ranka ya ɗan sosu da ni, don ka daɗe kana roƙo in turo maka muryar Inna, ni kuma kullum sai in ce maka gobe. Yanzu da abin ya wuce lafiya zan iya gaya maka dalili. Ka tuna zuwanka na ƙarshe kafin rasuwarta, da ka riƙa ajiye waya kusa da ita kana ɗaukar hirarta, ka zuba komai a laftof ɗin da ka bar mana, daga baya wayar taka ta faɗa ruwa. To ka ga kenan duk duniya babu inda muryar Inna ta rage sai cikin wannan laftof da ke kan teburin falo, ƙarƙashin ƙyallen da nake rufe ta da shi. Mu kuma da yake abin yana kusa, sai muka sake jiki, kamar mai rijiya a tsakar gida da ba ya tanadin ruwa.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne na maƙwabcinmu tela. Cuta ta shiga kwamfutarsa ta kulle komai, hotunan ɗinkinsa da na 'ya'yansa tun suna goye, babu wanda ya sake buɗuwa. Mutumin nan ya zauna a ƙofar shagonsa kamar an yi masa rasuwa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa, to a gidanmu kowa ya ɗebo nasa ruwan a ɓoye. Baban yara ya je wajen wani tsohon abokin aikinsa ya karɓo anti-bairos, wato mai gadin kwamfuta daga cuta, a filash, irin wanda aka fasa kullensa ake rabawa kyauta, ya saka bai gaya wa kowa ba. Likita ita ma ta sauko da wani daga intanet ta saka, ba ta gaya wa ubanta ba. Kowannensu yana yawo a gida yana jin shi ne ya ceci muryar Inna. Ashe ita kwamfutar ta zo da nata mai gadin tun daga kamfani, baƙin nan suna shiga ya naɗe tabarmarsa ya koma gefe. Su biyun kuma suka kama kokawa, wannan ya fito da sanarwa ya ce wancan ɓarawo ne, wancan ya fito ya ce a kama wannan. Fankar cikinta ta riƙa gurnani kamar injin niƙa, in ka danna abu sai ka je ka ɗora ruwan zafi ka dawo bai buɗe ba. Shi ya sa na kasa turo maka komai, na kuma ji kunyar faɗa maka.

Ranar da abin ya kai maƙura, na dawo daga kasuwa da la'asar, tun daga soro nake jin jiniya a falona. Ina shiga na tarar fuskar kwamfutar ta yi ja wur, ga rubutu manya-manya wai cuta ta cinye ta, ga agogo yana ƙirga lokaci da baya, ga lambar waya wai a kira maza kafin komai ya goge. Baban yara kuwa har ya kira, yana tsaye da tabarau a kan hanci, gumi yana zuba, wani mai zaƙin murya yana ce masa ranka ya daɗe, yana karanta masa abin da zai danna don ya shigo daga can ya gyara mana. Auta, ka san yayarka ba ta san kwamfuta ba, amma na san wannan muryar. Na ji ta a bakin dillalin da ke cewa in ban biya yanzu ba ga wani can tafe da kuɗi a hannu. Mai kaya na gari ba ya kunna maka jiniya. Na karɓi wayar, na gaishe shi da ladabi har da tambayar iyali, sannan na ce tunda yana ganin kwamfutar tamu daga inda yake, ya taimaka ya gaya mini ta tebur ce ko laftof. Ya ce ta tebur. Na yi masa godiya, na ce Allah ya ba shi wata sana'ar, na kashe wayar, na zare wayar akwatin intanet daga bango. Baban yara ya ce ai shi ma dama gwada mutumin yake yi. Na ce haka ne, Malam, ai na ga alama.

Washegari na bar wa maƙwabciyata shago, na naɗe laftof a zani na nufi layin masu gyara, Likita tana biye da ni da fuska a ɗaure. Na shiga kasuwar yadda na saba, ban nuna ina cikin matsuwa ba. Na farko bai ko buɗe ta ba ya ce a yi mata fomat, wato a share komai a sake sabon zubi. Na naɗe kayata. Na biyu ya jera mini kwalaye masu hoton garkuwa da takobi, ya ce wannan yana kashe cuta tun ba a ƙirƙiro ta ba. Na tambaye shi aibin kayan, ya ce babu. Ni da nake sayar da takalmi na san duk wanda ya ce maka nasa ba ya cizo ko kaɗan, bai taɓa saka shi ba. Ta uku wata mata ce a can ƙarshen layi, mai ɗan shago kamar akurki, tana cin gyaɗa tana kwance wata kwamfuta. Kafin ta taɓa tawa sai ta tambaye ni mene ne a ciki wanda in ya ɓata ba zan same shi a kasuwa ba. Nan take na jawo benci na zauna.

Ta ce kafin a yi maganar mai gadi, a fara fitar da dukiyar daga gidan. Ta haɗa filash, ta ce in nuna mata inda muryar take. Na nuna mata kusurwar da foldar take zama kullum, mai sunan Inna. Babu ita. Likita ta duba, ta sake dubawa, ta leƙa har kwandon shara na kwamfutar, wayam. Auta, ban taɓa shiga tashin hankali irin na ranar ba, ko ranar da gobara ta tashi a layinmu. Abin da ya faɗo mini a rai kai ne, da wane baki zan gaya maka cewa Inna ta sake tafiya, kuma a hannuna. Likita ta fara hawaye tana cewa nata anti-bairos ɗin ne ya cinye. Matar ta ce kowa ya nutsu, ta tambaya ko akwai wani mai taɓa kwamfutar a gida. Na kira Baban yara. Sai ya ce, cikin natsuwarsa kamar ana tambayarsa inda ya ajiye tsintsiya, ai shi ya ɓoye ta tun ranar da abin tela ya faru. Ya canza mata suna zuwa rasidan wuta da ruwa, ya cusa ta cikin tsofaffin takardun ofis, don a ganinsa babu ɓarawon da zai ɓata lokacinsa a kan rasidi. Na rasa dariya zan yi ko faɗa. Muka buɗe, ga su nan reras, babu wadda ta yi ko ƙwarzane.

Sai da ta kwafe komai sannan muka zauna cinikin mai gadi. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce anti-bairos shi ne mai zagaya cikin gida yana bincika ɗaki-ɗaki ko wani abu ya shigo, fayawol kuma shi ne mai tsaron ƙofa, babu mai shiga ko fita ta intanet sai da izininsa. Ana buƙatar su biyun, amma kowane aiki mutum ɗaya, don ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wanda Baban yara ya karɓo kuwa, ta ce daidai yake da sayen kwaɗo a hannun ɓarawo, ba ka san makulli nawa ya rage a aljihunsa ba, kuma ta ga alamar shi ya buɗe wa mai jiniyar nan hanya. Ta cire baƙin biyu, ta wanke cikinta tas, sannan ta ba ni zaɓi. Akwai na saye na asali da ake sabuntawa duk shekara, ta kuma faɗi aibinsa da bakinta, yana da nauyi ga tsohuwar kwamfuta irin tamu kuma yana yawan damun mutum da talla. Akwai kuma wanda ya zo da kwamfutar, ta ce ga gida irin namu ya wadatar, muddin an bar shi a kunne tare da fayawol ɗinsa, ana kuma barin kwamfutar ta sabunta kanta in ta nema.

Ka san ni da abin kyauta, araha ba ta ado. Na juya maganar ta kowace fuska, na ce mata ko dai ta raina aljihuna ne. Ta yi dariya ta ce in ina son ba ta kuɗi ba za ta ƙi ba, amma wannan ba kyauta ba ne, ƙanina ya riga ya biya shi ranar da ya sayi kwamfutar. Mai shagon da zai hana kansa ciniki don ya gaya maka gaskiya, ba a jayayya da shi. Na zaɓi na cikin gida. Ta kunna su duka biyun a gabana, ta raba wa kowa a gidanmu ƙofar shigarsa kwamfutar, ta sa babu mai ƙara saka komai sai da kalmar sirri, kalmar kuma tana wajena ni kaɗai. Baban yara yana ta zagaye yana kawo mini shayi ko zan yi suɓul da baka, har yau bai samu ba. Don kada in fita mata hannu rabbana na sayi filash biyu masu kyau a wajenta, ban ko taya ba, abin da Likita ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa gani ba.

Kafin mu tashi matar ta ce a gwada ɗaya a ji ko ta kwafu daidai. Likita ta danna wadda hannunta ya faɗa a kai. Sai ga Inna a tsakiyar hayaniyar layin masu gyara, tana tari irin nata, tana ce maka ka ɗauke mata wannan abin daga fuska ka je ka ci abinci, kai kuma kana dariya kana cewa saura kaɗan. Matar ta miƙa hannu ta kashe rediyon shagonta, muka saurara tare har aka gama.

Filash ɗaya yana cikin akwatina na ƙarfe. Ɗayan yana cikin wannan ambulan, na naɗe shi a auduga na manne da salatif, ka buɗe a hankali. Da ya iso ka kwafa a wuri biyu ko uku, kada ka yi irin sakacinmu, kuma ka duba taka kwamfutar ka ga masu gadi nawa ka tara mata.

Baban yara yana gaishe ka, ya ce in gaya maka dabararsa ce ta yi aiki, na yi alkawarin rubutawa, ga shi na rubuta. Likita tana gaishe da Kawunta da Antinta. Goggo ta ce a sumbatar mata jariri, Yaya Babba da iyalinsa suna miƙo gaisuwa, tela ma ya ce in gaishe ka. Ka gaishe mini da amaryarmu da kyau, ka ce mata ranar da za ka saurara ta zauna kusa da kai, ta kuma ɗora maka yaron a cinya, ya ji kakarsa tana yi wa ubansa faɗa. Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka mai takalma