Hannun Ƙofar Ruwa Yana Ɗakin Inna

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Manoman Rani ta garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Alhaji, da dattawan ƙungiya baki ɗaya. Ni ne Haladu na gidan Malam Sani, wanda ke aikin ban ruwan itatuwa a Dir'iyya, gefen Riyad, shekara shida ke nan.

Ƙanena ya sanar da ni kun fara auna cikin dam ɗinmu za ku raba wa masu bulo, wai ya cike da yashi, ya mutu. Da wannan ruwan Inna ke noman albasar da take riƙe gida. Ban yarda ba, ga dalilaina.

Na ɗaya. Abokin aikina Selbam ɗan ƙabilar Tamil ne daga kudancin Indiya. Wata rana muna hutun azahar a inuwar tanki, ya nuna mini tafkin ƙauyensu a waya. Ya ce tun zamanin sarakunan Chola aka haƙa shi, kusan shekara dubu, kuma har yau da shi suke noman shinkafa. A lokacin, in ji shi, gari kan rubuta sunaye a ganyen giginya, a zuba a tukunya, a zaro masu kula da tafki. Aikinsu yashe tafkin da gyaran gaɓa da raba ruwa bi da bi, wanda ya ci amana kuma a cire shi. Namu dam bai kai ni shekaru ba, amma mun yi masa sallar gawa.

Na biyu. Tunda na yi wayo, sau biyu kawai na ga an yi gayyar yashe dam ɗin. Kullum maganarku gwamnati ta manta da mu. Kwando da shebur ma sai gwamnati?

Na uku, kuma shi ne mai nauyin faɗa. Selbam ya ce in nuna masa namu. Tsohon hoto na nuna masa, na lokacin da ruwa ke cike, ya yi ta yaba mana. Sai ya tambaye ni wa ke riƙe da ƙofar da ake sakin ruwan dam ɗinmu. Na sunkuya ina gyaran tiyon da ba abin da ya same shi. Alhaji, hannun ƙarfen da ake murɗa ƙofar, wanda ya ɓata a ranin da na taho, kuka yi ta zargin masu gwangwan, ni na cire shi. Na so in shayar da fadamarmu ba a layina ba, na buɗe ƙofar na ɓoye hannun don kada a rufe. Biza ta fito a makon, na tafi ban mayar ba. Ƙofar ta yi tsatsa a buɗe, ruwa ya yi ta tsiyayewa a banza, tumatirin Malam Audu na ƙarshen magudana ya ƙone. Nan ina gadin kowane ɗigo na itacen wani, can na zubar da ruwan garinmu. Ina jin kunya ƙwarai.

Don haka ina roƙo a dakatar da awon nan, a kira gayya kafin damina, a zaɓi masu kula da ƙofa da ƙuri'a, kada a sa sunana a ciki. A karanta takardar nan bayan Juma'a, Malam Audu yana wurin.

Hannun yana ɗakin Inna, ƙarƙashin gado, cikin buhun taki. Ba ta san mene ne ba. A aika a ɗauko, a yi mata bayani a hankali.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa a gyara a hannunka.

Wassalam,
Haladu Sani, unguwar Manfuha, Riyad.