Takalmin Intabiyu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon gwiwa? Ina fata shafa maganin kike yi, ba ajiye shi kika yi a kan durowa kina gaishe shi da safe ba. Mu nan lafiya lau. Maman yara tana gaishe ki. Auta haƙorinta na gaba ya fita, ta ce ba mai ɗaukarta hoto sai ya tsiro.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Idan na kira ki a waya, ba na kai rabin zance kin karɓe, ni da kika raɗa wa Aku tun ina rarrafe. A takarda kuwa sai na kai aya.

Saƙon maigidanki ya iso. Takalmi baƙi, fata ta gaske. Na shinshina, na lanƙwasa, na bi ɗinkin da farce, ban sami abin kushewa ba. Shekara ashirin ina sayar da takalma a rumfa, yau ga shi an aiko wa mai takalma takalmi. Yana ɗan matse mini ƙaramin yatsa, amma fata ce, za ta saki. Ki yi masa godiya, musamman kan maganar aikin. Na san ba ƙaramin ƙoƙari ya yi ba kafin abokinsa na kamfanin takalma ya yarda a kira ni intabiyu, a ce wai ni ne manajan talla, da ofis da albashi.

Na bi shawararki na nemi koci. Ashe masu wannan sana'a sun cika gari: kai ka biya, su kuma su zaunar da kai su taya ka tunanin inda rayuwarka ta dosa. Mutum uku na gani, kuma kin san ni, ba takardun bango nake karantawa ba, ƙafa nake dubawa.

Na farko ofishinsa a can saman bene, gilashi ta ko'ina, sanyi kamar cikin firji. Takalminsa mai tsini yana ɗaukar ido. Da ya ɗora ƙafa kan ƙafa na leƙa ƙasan takalmin, ko ƙwarzane babu. Mutumin da daga kafet sai mota, shi zai nuna mini hanya? Ya ce in rufe ido in hango kaina nan da shekara goma. Na rufe ɗaya. Ɗan kasuwa ba ya rufe ido biyu a ɗakin baƙo.

Na biyu ta waya yake aikinsa, kana ganinsa yana ganinka. Kwat da nektai tsaf. Ana cikin magana wayarsa ta zame ta faɗi, sai ga silifas ɗin banɗaki, ƙafa ɗaya ma igiyar ta tsinke an ɗaure da wayar ƙarfe. Na yi masa fatan alheri.

Ta uku mace ce, za ta yi sa'arki. Ɗakinta a saman wani kantin magani, kujera biyu, fanka, da butar shayi. Ta daɗe tana ɗaukar ma'aikata a kamfanoni kafin ta buɗe nata. Takalminta ruwan ƙasa, marar tudu, an sake masa ƙasa aƙalla sau biyu, kuma gyaran gwani. Na ce a raina wannan ta yi tafiya, kuma ta san abin da ake riƙewa. A raina Malama Mai Faci nake ce mata, a baki kuwa Malama kawai.

Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta zuba shayi, ta dube ni, ta tambaye ni me nake so. Kin tuna dokar da Baba ya koya mana a rumfa: idan ka je sayayya, kada idonka ya sauka kan abin da ya kawo ka. Ka taya na gefensa, shi kuma ka kushe shi, ka juya kamar za ka tafi, mai kaya da kansa zai kira ka ya jawo na ƙarƙashin tebur. To na ce mata manajan talla. Ta rubuta. Mun shirya zan riƙa zuwa kafin ranar.

Af, kafin in manta. Gidan rediyon nan na bayan tashar mota wai yana neman mai gabatar da shirin 'yan kasuwa, za su gwada muryoyi ranar intabiyun nan tawa, da safe su ma. Aikin banza ne, ba wani albashin kirki, surutu kawai. Na faɗa miki ne don labari.

Ki gaishe da maigida da kyau, da yara duka.

Ƙaninki,
Aku

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Takardarki ta zo, na karanta ta a rumfa, mai jakunkuna na kusa da ni yana tambayata abin da ya sa nake dariya ni kaɗai.

Kin kama ni. Kin ce duk wasiƙata aiki ɗaya kawai na kushe, saboda haka shi nake so. Na manta tare muka zauna a gaban Baba. To tunda kin ɗaga tebur kin gani, ba sauran ɓoyo. Rediyon nake so, Yaya. Ke ce kike ƙwace ludayi daga hannuna ina tsaye kan turmi ina karanta wa kaji labaran duniya. Abin bai taɓa barina ba. Kullum rediyo na kunne a rumfa, mai gabatarwa yana magana ina gyara masa a raina. Amma mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a makaranta, da wane baki zai ce wannan yake so? Kin kuma yi gaskiya da kika tuna mini da yara, da kunyar da maigidanki zai ji wurin abokinsa. Na gode da kika ce ba za ki gaya masa komai ba sai na yanke.

Yanzu ga inda ciniki ya lalace. Malama Mai Faci ba 'yar kasuwa ba ce. Na ce mata manaja, ta riƙe manaja hannu biyu. Ta koya mini yadda ake zama, yadda ake amsa tambaya a taƙaice, da cewa ba a ce wa mai yi maka intabiyu ya faɗi nasa farashin mu ji. Idan na ɗauko labari, sai ta ɗaga biro, alamar in yanke. Yaya, tunda nake ba a taɓa yanke mini zance da biro ba. Ta ce in riƙa zuwa da takalmin maigidanki don ƙafata ta saba. Ƙafar ba ta saba ba, ƙaramin yatsana dai ya saba da kuka.

Na yi duk abin da mai saye yake yi. Na kawo maganar rediyon, na ce aikin marasa aikin yi ne. Ta ce to, mu koma kan namu. Wata rana na kwaikwayi mai karanta labarai tun daga sallama har zuwa hasashen yanayi, har mai kantin magani ya hawo ya leƙo. Ta yi dariya sosai, ta goge ido, ta ce muryata tana da daɗi, amma a intabiyu in rage.

Sai na fito da makami na ƙarshe. Na miƙe na ce mata anya ma zan dawo kuwa, abin nan kamar bai karɓe ni ba. Na fita ina saukowa daga bene a hankali, kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, kunnena yana baya. Ina dab da ƙasa na ji ta kira ni. Na ce a raina yau za a jawo na ƙarƙashin tebur. Na haura da gudu duk da matsin takalmi. Ashe hulata na bari a kan kujera.

Maman yara ta yi dariya har ta zauna a ƙasa da na ba ta labari. Ta ce ita dai ta san ranar da na zo neman aurenta ban kushe ta ba. Na ce ai shi ya sa na saya da tsada. Ta jefe ni da matashi. Daga baya ta ce mini rumfa tana nan, ita ma ɗinkinta yana nan, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Abin da ba za ta iya ba shi ne zama da mutumin da zai riƙa dawowa daga ofis yana harara rediyo.

Ranar ta matso, kuma ƙafa ɗaya ba ta shiga ƙofa biyu da safiya ɗaya. Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da mutan gida.

Naki,
Aku

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani mai laifi kaɗan da labari mai yawa. Ina fata kowa lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, ki miƙe gwiwar.

Na koma wurin Malama ana jibi ranar. Ta ɗauko takardar tambayoyinta, na ce ta ajiye. Na taɓa sayar wa mai ƙafa ɗaya takalmi ƙafa biyu yana godiya, amma ranar nan dabarar ciniki ta ƙare mini. Na dubi butar shayi na ce, "Malama, ni ba manaja nake so ba. Rediyon nan da nake zagi, shi nake so, tun ina yaro."

Na ɗauka za ta ce ai ta sani. Ina! Ta cire tabarau ta dube ni kamar na taka mata ƙafa. Ta tambaye ni dalilin da ya sa na bar ta tana ta wahalar gyara ni zuwa inda ba zan je ba. Na bayyana mata dokar Baba tun daga tushe, har da saukowa bene a hankali. Sai dariya ta kama ta har fanka ta kwashe mata takardu. Da ta nutsu ta ce, "Ni ba ni da komai a ƙarƙashin tebur. Kayan naka ne, kai ka shigo da su a aljihu."

Daga nan ta zama wata mutum. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Ta sa na faɗa da bakina yadda gida zai ci idan rediyo ba ta biya da kyau ba, wa zai buɗe rumfa ranakun shiri, da abin da zan yi idan suka ce muryata ba ta yi ba. Sannan ta ce abu biyu ba za ta yi mini ba: kiran kamfani in janye cikin mutunci, da kiran surukina. Na kira kamfani a gabanta. Biron nan kuma ta jefa shi cikin durowa, ta ce yanzu in yi ta zuba, ita za ta nuna mini inda ake numfashi.

Ranar gwaji na sa takalmin maigidanki, don shi ne mafi kyau a gidan. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, ba taga, sai makirfo a gabana, da wani mutum mai ƙaton kai a bayan gilashi yana murɗa na'urori, shugabar shirye-shirye tana tsaye kusa da shi. Jar fitila ta kama. Yaya, Akunki ya yi tsit. Ashe ni ban taɓa magana ba tare da kaya a hannu da fuskar mai saye a gabana ba. Yatsana kuma yana zugi kamar ana soya shi.

Don azaba kawai na sunkuya na cire takalmin dama. Da na ji shi a hannuna, sai hannun ya juya shi da kansa, bakin kuma ya buɗe. Na gaya wa makirfo yadda ake gane fata da ƙamshi, da dalilin da ya sa ba a gwada takalmi da sassafe sai ƙafa ta yi yawo ta kumbura. Na ba shi labarin angon da ya sayi ƙaramin takalmi don gudun tsada, ya yi ta murmushin dole a hotuna. Na wuce kan masu kaya da masu saye da ƙaryar da kowa yake yi wa kowa cikin ladabi. Ban san fitilar ta mutu ba sai da na ga shugabar tana riƙe da ciki don dariya.

Sun ɗauke ni gwaji, safiya biyu a mako. Kuɗin ba zai sayi mota ba, kuma rumfa tana nan, Maman yara za ta riƙa buɗewa kafin in dawo. Na je na gaya wa Malama, na kuma ce duk ranar da takalminta ya gaji da faci, rumfata a buɗe take. Ta ce tukuna.

Na kira maigidanki da kaina, kamar yadda aka umarce ni. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kin san wannan addu'ar idan ta fito da sanyi. Bai yi mini komai ba sai alheri, kuma ina jin nauyinsa ƙwarai. Don Allah ki lallaɓa mini shi, ke kika san lokacin da ake kai masa magana. Ranar shirin farko zan turo miki yadda za ku kama tashar a waya. Ki ajiye ta kusa da shi kamar mantuwa kika yi.

Idan kuma ya tambayi takalminsa, ga gaskiya. Ina fitowa daga ɗakin soso, mai ƙaton kan nan ya tare ni a ƙofa yana tambayar lambar takalmin. Bai kushe ba, bai juya ba, ido cikin ido ya ce yana so. Ya zura ƙafa, ya zauna masa ɗas kamar don shi aka ɗinka. Ban karɓi ko sisi ba, kyauta ba a sayar da ita. Na dawo gida da silifas ɗinsa, ina tafe yatsana yana shan iska. Ki gaya wa maigida takalminsa ya yi intabiyu, ya ci, ya kuma sami ƙafar da ta dace da shi.

Ki shafa maganin gwiwa. Auta ta ce haƙorin ya leƙo, hoto yana tafe.

Ƙaninki har kullum,
Aku