Abin da Na Kawo wa Surukina

Al Karama, daren Laraba, Oktoba 2019

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu na taya Hafsa aikin makaranta kan Turawan da suka mulki Ƙudus zamanin Yaƙin Salibiyya. Wani sarkinsu ya aurar da 'yarsa ga basaraken Faransa don ya kawo masa mayaƙa.

Sai yarinyar nan ta ce, "Abba, kai me ka kawo wa Kaka ya ba ka Umma?"

Na yi dariya, amma lokacin da na auri uwarta ni ke turo masa kaya daga Dubai.

Daga kicin uwarta ta amsa, "Kwantena biyu."

Da wasa ta faɗa? Ban ga fuskarta ba. Ga ta kwance ta ba ni baya. Kullum haka take kwanciya, ko yau ne kawai? Wallahi na kasa tunawa.