Sunan Na'urar da Za Ta Je Wata

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa da girmamawa, yaya ƙarfin jiki, yaya ciwon gwiwar nan? Ina su Inna da sauran mutanen gida? Mu nan Gubaira lafiya lau, sai zafin Riyad.

Baffa, wata magana ce ta hana ni sukuni. Malamar su Hafsa ta ce akwai na'urar hangen taurari da za a kai duniyar wata, an ba 'yan makaranta damar raɗa mata suna. Kowane aji suna ɗaya zai tura. Hafsa ta dage sai na Hausa za ta kai, ita da rabin Hausarta Larabci ne. Ta ce in ba ta sunan tauraro.

Wallahi daga Gamzaki sai Zara, kaina ya ɗauke. Na tambayi 'yan'uwana direbobi, har da wani mutumin Maraɗi, kowa sai susar ƙeya. Ina tuƙi ina ta laluben sunayen da kake nuna mana a gona, har na wuce kwanar gidan kafilina, maigidan da nake wa tuƙi.

Sai yarinyar ta ce, "Baba, bari kawai. Ai ka ce a gidanmu Baffa ke zaɓar suna."

Alhamis za a rufe karɓa. Don Allah ka sa a ɗauko mana muryarka a waya. Kai ka raɗa nawa, kai ka raɗa nata, wannan ma kai muke jira.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Sani