Ni Na Gusar da Iyakar, Ƙanena Ya Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu duka. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin sauraron damuwar mutane. Roƙona guda, kada a nemi sunana ko na ƙauyenmu, kuma don Allah ku kai ƙarshen takardar nan kafin ku tsine mini. Na san na cancanci zagi, na kuwa zagi kaina har na gaji. Shawara nake nema, kuma kwanakin da suka rage mini kaɗan ne.

Ni mutumin ƙasar Bagudo ne, ƙauyenmu yana bakin kogin Kwara, ba nisa da iyakar Dahomi. Ni nake koyar da ajin yaƙi da jahilci, ni nake karanta wa mutane wasiƙa, ni na yi musu bayanin mulkin kai lokacin da aka same shi, suna ta tambayata ko yanzu an daina biyan haraji. Ina da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Manu ko da yake ba sunansa ke nan ba. Shekara huɗu na ba shi. Bai san ko bihim a boko ba, manomi ne kawai, magana ma sai ka ja ta daga bakinsa. Amma wallahi tun muna yara ban taɓa kama shi da ƙarya ba, na kuwa nema.

Duk wanda ya san fadamar Kwara ya san halinta. Ruwa kan hau ya shanye gonakin shinkafa, in ya janye sai ya bar laka a shimfiɗe, ba kunyar gona ba alama, ba ka gane inda gonarka ta ƙare ta maƙwabcinka ta fara. Saboda haka akwai mutum guda da ake kira ya tsai da iyaka kowace shekara kafin a fara kaftu, abin da ya faɗa kuwa shi ke nan, ko maigari ba ya tayarwa. Mahaifinmu ne ya yi wannan aiki har ya tsufa. Mutane sun ɗauka wata baiwa ce Allah ya yi masa, ba su san 'yan tukwane ne ya binne a kife a kusurwoyin gonaki ba, can ƙasa inda fartanya ba ta kaiwa. Yakan riga kowa zuwa da sandarsa mai tsini, ya daidaita wuri da giginyar tudu, ya dinga soka sandar a hankali har ta taɓa tukunya, ya sa alama, sannan a kira masu gona. Mu biyu kaɗai ya nuna wa, ya sa muka yi alkawarin ba za mu faɗa ba, ya ce, "Ido shina ruɗi. Ku yarda da tukunya, kada ku yarda da idonku."

Da ya ji jiki ya ƙi, sai ya kira mu ya miƙa wa Manu sandar. Ni babba ina zaune. Na ce, "Baba, ni fa?" Ya ce, "Wayo kana da shi, ban musa ba. Amma iyaka ba wayo taka so ba, hali taka so. Kai in anka yabe ka kana iya gusawa. Manu ko an zage shi ba shi gusawa." Na yi dariya a lokacin, na ce ai ni ma ba ni da sukunin shiga laka. Ƙarya nake yi. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji shekara bakwai, kullum sabuwa take.

Ku da ba ku taɓa yin hassadar ɗan'uwa ba, ku gode wa Allah. Ba dukiyarsa nake kishi ba, na fi shi riga, na fi shi keke, ina da albashi. Sunansa nake kishi. In mutum biyu suna musu a kasuwa sai ka ji ɗaya ya ce, "Ko gaban Manu ni ka hwaɗin haka." Maiɗakina ma, da suka sami saɓani da maƙwabciya a kan ɗan akuya, cewa ta yi a kira Manu, ina cikin gidan a zaune. Wata rana mutane suka zo da jirgin ruwa daga tsallaken iyaka, daga ƙasar Dahomi, suna neman ya je ya raba musu rigimar gona. Ni suka fara tararwa, babbansu ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Kai ne yayan Manu? Allah ya yi maka arziki." To ni ba ni da suna ke nan? Karatun da na yi fa? Na je wurin maigari na ce zamani ya sake, ya kamata a rubuta iyakokin fadama a littafi, ni zan yi. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, takarda mai alƙalami taka bi. Muna da Manu, mi za mu yi da littahi?" Fadawa suka yi dariya, ni ma na taya su, na koma gida ban iya cin tuwo ba.

A bazarar da ta wuce na aikata abin. Akwai wata kusurwa tsakanin gonar Malam Bawa, wanda Manu yake auren 'yarsa, da gonar wani tsoho mutumin ƙasar Dandi da muke kira Baba Gado, mai riƙe da jikoki marayu. Ranar kasuwar Dole Kaina, gari ya watse, rana tsaka, na ɗauki fartanya na shiga fadama kamar mai duba gona. Na tono tukunyar, na matsar da ita taku goma sha biyu cikin gonar Baba Gado, na binne, na shafe laka da tafin hannuna. Me nake so? Na rantse ban yi nufin cutar tsohon ba, ko tuna shi ban yi ba. So nake sau ɗaya tak a ce Manu ya karkata, ya yi wa surukinsa aiki, a san shi ma mutum ne kamar kowa. Ina tonon ina jin daɗi, wannan ita ce gaskiyar da ta fi ba ni kunya.

Da ranar tsai da iyaka ta zo, ni Manu ya kira in raka shi, don ni kaɗai yake yarda in gani. Muka isa kusurwar, ya dubi giginya, ya soka sanda inda ya saba, babu. Ya soka nan, ya soka can, ya yi ta matsawa har sandar ta taɓa. Ya tsaya ya daɗe. Ya dubi giginyar, ya dubi ƙasa, ya ce, "Yaya, ba ka ga kamar ta yi nisa ba?" Na ce, "Mi Baba ya ce muna? Ido shina ruɗi." Ya ce, "Haka na." Ya kafa alama a nan. Da maganar mahaifinmu na ɗaure shi, jama'a, kuma bakina bai yi rawa ba. Da aka kira masu gona, Baba Gado ya ce shi dai a ganinsa an shigo masa, amma tun da Manu ne ya faɗa, to shi ne ya tsufa ya manta.

Asiri bai tonu ba sai lokacin noma, da ruwan sama ya wanke laka ya fito da wani tsohon kututturen bishiyar giyayya. Duk ƙauye sun san kututturen nan cikin gonar Baba Gado yake, a gindinsa yake ajiye gorar ruwansa tun muna yara, sai ga shi tsakiyar shinkafar Malam Bawa. Kafin la'asar magana ta gama gari. Abin da na yi fata shi ya faru, har ya wuce. Waɗanda jiya suke rantsuwa da gaskiyarsa su suka fara cewa, "Ashe dai suruki ya hi maraya." Wasu suka ce an ba shi buhu biyu, wasu suka ce ɗan maraƙi. Masu tsohuwar rigimar gona duk suka taso, kowa ya ce shi ma an cuce shi tun bara waccan.

Aka tara mu a ƙofar maigari. Ina zaune kusa da Manu, gwiwata tana taɓa tasa. Maigari ya ce, "Manu, mi ya kawo wanga abu?" Na sunkuyar da kai ina jira ya ambaci tukunya, don in ya ambace ta dole a tambayi wa ya san da ita, mu biyu ne kuwa. Sai ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na tsai da ita, kuma ba daidai ta tsaya ba. Ba wanda ya ba ni komi. Abin da Baba Gado ya rasa bana ni ka biya daga tawa gona." Maigari ya ce, "Shi ke nan abin da za ka ce?" Ya ce, "Shi ke nan." Ya ajiye sandar a gaban maigari ya tashi. Ko kallona bai yi ba. Da aka yi girbi kuwa shi da kansa ya ɗauki dammunan shinkafa a ka ya kai gidan tsohon, ana kallonsa ana zunɗe.

Kuna tsammanin na sami sanyi? Kwana biyu na yi ina tafiya kamar an sauke mini kaya, daga nan abin ya juye. Malam Bawa ya yi fushi an mai da shi ɓarawon gona, ya daina amsa gaisuwar Manu. Yara suka fara kiran 'ya'yansa 'ya'yan mai cin iyaka, babbar ta dawo daga rijiya tana kuka, a gidana ta zo ta ɓuya, ni na share mata hawaye da wannan hannun da nake rubutu da shi. Mutumin da ba a fara sallah sai an matsa masa wuri a sahun gaba, yanzu a baya yake tsayawa kusa da takalma. Ban ji ya yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Kullum da safe yana zuwa gaishe ni kamar yadda ya saba, ya durƙusa ya ce, "Yaya, an tashi lahiya?"

Yanzu ga inda ake. Manu ya yanke shawarar ƙaura tsallaken iyaka wurin dangin mahaifiyarmu, ya ce ba zai bari 'ya'yansa su girma da wannan suna ba. Jirginsa zai tashi ranar Asabar ta sama. Maigari kuma ya aiko mini cewa ranar Juma'ar da za ta gabace ta, bayan an sauko daga masallaci, zai miƙa mini sandar a gaban jama'a, ya ce ko ba komai ni ɗan gidan ne, in na ga dama ma in kawo littafin nawa. Abin da na yi shekara bakwai ina nema ga shi an kawo mini har gida.

Shekaranjiya da hantsi na sami Manu a bakin ruwa yana toshe ɓarakar jirgi. Na je da niyyar faɗa, na shirya maganar tun daga gida. Na ce, "Manu, akwai abin da nika son in gaya maka." Bai ɗago ba, ya ce, "Yaya, bar shi." Na ce, "Ba ka san ko mi na ba." Ya ajiye gudumar ya ce, "Tun randa kututturen ya hito na koma na duba lakar wurin. Mu biyu Baba ya nuna ma." Na zauna a ƙasa. Na ce, "To don mi ba ka hwaɗa ba?" Ya ce, "In na hwaɗa, gidanmu ya rasa mutum biyu ke nan, ni da na yi sakaci da kai da ka yi. Gara ɗaya. Kana da aiki, kana da ɗiya mata da za a zo nema. In sun ba ka sanda ka karɓa, amma don Allah ka tsai da gaskiya, kada gonar wani ta sake tahiya." Ya ɗauki gudumarsa ya ci gaba da aiki.

Ga abin da ban taɓa zaton zan rubuta ba. A zaunen nan da nake a ƙasa, kunya ta rufe ni, amma ƙarƙashin kunyar wani abu ne yake ci na. Haushinsa na ji. Na ƙwace masa suna, na ƙwace masa sanda, na kore shi daga garin ubansa, amma har yanzu ya fi ni, kuma wannan karon ba wanda ya gani sai ni. Har haƙurin nasa nake kishi. Wane irin mutum ne ni? Ana warkewa daga wannan kuwa?

In na tashi ranar Juma'a na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, don ba mai zama gaban malamin da ya yi haka, 'ya'yana su za su gaji sunan da 'ya'yansa suke ɗauke da shi yanzu, na kuma tona asirin tukwanen da muka yi wa Baba alkawari, kowa ya shiga fadama da fartanya. In na yi shiru kamar yadda shi da kansa ya roƙe ni, zan karɓi sanda, a yi mini addu'a, washegari in raka shi bakin ruwa in ɗaga masa hannu, ya tafi da laifina. Har tsoro nake ji kada a ce ko faɗin da nake son yi ba tuba ba ne, so nake kawai in kamo shi a halin kirki.

Jama'a, sauran kwana tara. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?