Darbejiyar Malam

Baffa, assalamu alaikum. Ka gafarce ni da ƙarambanin rubuto maka. Ya jiki, ya iyali?

Ka tuna darbejiyar ƙofar gida, inda marigayi Malam yake ɗinkin riga, ciwon huhu na sa shi haki amma bai ajiye allura ba? Jiya maƙwabcinmu ya sa mata gatari, wai zai gina shago. Yaya Sani ya shaƙe shi, shi kuma ya fasa masa baki, jini har riga. Na rungume bishiyar, na ce, "Sai dai ka sare ni!"

Ya rantse zai dawo. Don Allah ka kira mai unguwa. A sa mu a addu'a, a gai da Inna.

Ka yarda in sake rubutowa?

'Yarka, Rukayya