Godiyar da Na Kasa Yi

Goaso, 4 ga Mayu, 1979

Zuwa ga ɗana Kwaku,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Esi da jaririya. Yaya koyarwa, yaya Takoradi?

Bayan haka, jikin babanka sai a hankali. Ƙafafun sun kumbura, sakwara ma loma biyu yake yi ya ture kwano. Na karanta masa wasiƙarka, inda ka ce a kai shi wurin lauya a Sunyani ya rubuta wasiyya. Ka san halinsa. Cewa ya yi, "Da raina za a binne ni a takarda? Ki ce wa ɗan naki malam ya rubuta tasa."

Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. In ta Allah ta kasance, ba ni, ba kai a gadonsa. Yaw ɗan gwaggonka Ataa ne magajinsa, tunda gado ta ɗakin uwa yake bi. Gonar kokon bakin rafi kuwa da hannuna na dasa ta, kana goye a bayana. In an karɓe ta ban san inda zan nufa ba.

Ka gaida Esi.
Mahaifiyarka, Pokuaa

19 ga Yuni

Ɗana Kwaku,

Ina fatan kuna lafiya, jaririya ta daina zazzaɓin haƙori.

Na yi wauta. Ran Lahadi babanka ya tara dattawan danginsa, ya faɗa da bakinsa cewa gonar bakin rafi tawa ce bayan ransa. Kowa ya juyo yana kallona, ana jira in kawo kwalbar giya da tunkiya in yi godiya a gaban shaidu, don in babu godiya kyauta ba ta zauna ba.

Kwaku, kasawa na yi. In gode masa da me? Da zai mutu ya bar ni? Na ce sai ya warke. Ya ce, "Pokuaa, taurin kanki ne zai kwana da ke a titi." Gwaggonka ta dube ni ta ja tsaki. Shekara talatin ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba, na san daɗi ta ji. Na fice gona na yi kukana har la'asar.

Ka sa mu a addu'a.
Mahaifiyarka

2 ga Satumba

Ɗana Kwaku,

Ina fatan ka koma lafiya bayan jana'izar babanka. Allah ya ba mu haƙuri.

Jiya aka yi zaman kwana arba'in. Yaw ya miƙe ya ce ba a yi godiya ba, don haka gona ta dangi ce. Ban ga laifinsa ba, 'ya'yansa shida, kuma abin da ya gani ya faɗa. Na riga na ɗaure kayana a zuciya.

Sai uwarsa ta ce, "Yaw, zauna." Ashe ranar da na gudu gona, Ataa ta koma gida ta kwanto tunkiyarta, ta sayo kwalba, ta miƙa da sunana a gaban dattawa biyu, babanka ya karɓa. Dattawan biyu suka tashi a wurin zaman suka shaida. Gona ta zama tawa.

Na bi ta gida na durƙusa. Ta ce, "Tashi, ba don ina son ki ba ne, har gobe miyarki gishiri ya yi mata yawa. Ranar da dangin mijina suka kore ni, da tukunya ɗaya na fito. Ba zan tsaya in kalli ta biyu ba."

Kai da ka iya ba da shawara, ka rubuta taka wasiyyar? Ka je wurin lauyan nan tun kana da lafiya, ka sa sunan Esi da 'yarta. Ba kowace mace ke samun Ataa ba.

Taka har kullum,
Mahaifiyarka, Pokuaa